Kwat ɗin Duba-gari a Gonar Inna

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu na bayan Auyo, Inna ta zo ta yi wata uku a gidana a Haɗeja. Ba da son ranta ta zo ba. Kakanninmu masu shanu ne. Shanun sun daɗe da tafiya, amma kunyar tana nan, kuma a wurinmu babu abin da ya kai nauyi kamar a ce tsohuwa ta kwana a gidan surukinta. Sai da ruwa ya kai gwiwa a ɗakinta, katangar baya ta zauna, sannan kawuna, ƙanenta, ya lallaɓa ta ya sa a kwalekwale. Da suka iso ƙofar gidanmu a Keke, ya ja ni gefe ya ce, “Gadonta yana can cikin ruwa. Na ce ta zaɓi abin da ya fi muhimmanci, ga abin da ta zaɓa.”

Akwatin tufafi ɗaya ne, da buhu biyu. Da aka sauke buhunan sai suka yi ƙara kamar an zubar da kayan maƙera. Gwangwanaye ne a ciki, da kwalabe, da murafen tukwanen da tukwanensu suka daɗe da mutuwa.

Maigidana duba-gari ne. Aikinsa ke nan tun kafin a yi aurenmu: ya shiga unguwa, ya leƙa kwata, ya ɗaga murfin randa, ya nuna wa matan gida inda ruwa ya kwanta sauro yana ƙyanƙyasa. Mutum ne mai sanyin magana, amma idan ya ga gwangwani a yashe sai ka ga gashin girarsa ya haɗe. A gidanmu abu in ya gama aikinsa na farko to ya gama rayuwa. Yana da wani ƙaton kwandon shara na roba, shuɗi, mai murfi, wanda ya ajiye a bakin zaure, yana ji da shi kamar yadda wasu ke ji da babur.

Washegarin zuwanta, bayan ya fita aiki, na fito daga kicin na tarar da Inna tsugune gaban kwandon, ta zazzage shi a kan buhu. Ta jera gwangwanin madara huɗu, robar lemo biyu, silifas ɗaya da ya tsinke, da wani galan na man gyaɗa da bakinsa ya ɗan tsage. Ni ’yar fari ce, ba ta kiran sunana. Ta ɗago kai ta ce, “Ke, wa ya rasu a gidan nan?”

“Babu kowa, Inna.”

“To kayan wa ake zubarwa?”

Na ce shara ce. Ta ɗaga galan ɗin ta duba shi ta hasken rana, ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin shara mai murfi da mariƙi ba.

Kafin azahar ta wanke su duka da toka. Ta yanke robar lemo ɗaya gida biyu: saman ya zama mazurarin zuba mai, ƙasan ya zama moɗar ba kaji ruwa. Gwangwani ɗaya ta hurhuda shi da ƙusa ya zama abin yayyafa wa shuka ruwa, duk da a lokacin babu shuka ko ɗaya a gidan. Wannan ma ba ta bar shi haka ba. Ta tsaga galan ɗin gida biyu, ta cika da ƙasa da kashin akuyar maƙwabta, ta zuba irin alayyafo. Silifas ɗin kuwa ta yanka shi, ta kafa da ƙusa a ƙofar akurkin kajina wadda ta shekara tana jingine da dutse. Ƙofar ta buɗe ta rufe lafiya lau. Na tsaya ina kallonta, ina tuna sau nawa na ce da maigida a kira kafinta.

Da la’asar ya dawo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin da muka ba ta, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska ga bango ta amsa. Iyakar maganar da ke shiga tsakaninsu ke nan, safe da yamma. Duk abin da ya wuce gaisuwa, ni ce mai kai shi. Da ya miƙe idonsa ya faɗa kan gwangwanayen da aka jera a gindin katanga. Sai da muka shiga ɗaki ya yi magana.

“Ki gaya wa Inna,” ya ce, “cikin ladabi, gwangwani in ya tara ruwa gidan sauro ne. Ni kuma abin da nake hana mutane ke nan.”

Gidanmu ba wani babba ba ne. Tagar ɗakinmu tana kallon tagar ɗakinta, taku biyar ne tsakaninsu. Duk abin da ya faɗa ta ji shi sarai. Amma a ƙa’ida ba ta ji ba sai na kai mata. Na je na ce, “Inna, ya ce sannu da aiki, ƙofar akurki ta yi kyau.”

Ta ɗaga murya yadda za ta ƙetare tsakar gida, ta ce, “Ki ce masa sauron da ya samu kogi guda ba gwangwanina zai nema ba. Kuma mutumin da ke zubar da galan bai taɓa ɗebo ruwa da kansa ba.”

Na dawo na ce masa, “Ta ce Allah ya yi maka albarka.”

Ya dube ni, ya ce, “Amin.”

Haka muka yi ta yi. Na gane cewa a gidan nan babu wanda ya kai ni iko, domin abin da na faɗa shi ne aka faɗa. Wani lokacin na sassauta, wani lokacin kuma, in ina jin nishaɗi, na ƙara gishiri. Akwai ranar da na ce masa Inna ta ce tana sha’awar tsiren bakin kasuwa, alhali haƙoranta ba sa iya tsire. Ya sayo, ta karɓa ta yi godiya ta bayan labule, ni da ’yan matana biyu muka cinye. Takardar da aka naɗo tsiren ce kawai ta amfane ta, ta hura wuta da ita.

Maganar sauro dai ba ta bar ta ta wuce ba. Bayan kwana biyu ya dawo daga aiki da ɓawon lemo a hannu, ya ɗaga murfin kwandonsa zai jefa, sai ya tsaya. An wanke kwandon fes, ciki da waje. A cikinsa gwangwanaye ne da kwalabe da robobi, a wanke, a bushe, an jera su manya a ƙasa ƙanana a sama. Kusan sharar da ya saba gani ce a ciki, sai dai yanzu ta yi wanka. Inna ta aiko ni da saƙo, wannan kam na kai shi yadda yake: tunda ya ce kada ruwa ya shiga, ta nema musu wuri mai murfi. Ya daɗe a tsaye da ɓawon lemon. Can ya tambaye ni a ina zai sa. Na ce Inna ta ce ɓawon lemo a shanya shi, yana korar sauro in an jefa a garwashi.

Gaskiyar da ba ya son faɗa ita ce, sharar gidan ta ragu ƙwarai. Da, duk kwana biyu sai an kai kaya bola. Da zuwan Inna sai a yi mako wani tsohon bokiti mai huda, wanda ta naɗa sabon kwandon shara, bai cika ba. Ɓawon kayan miya na akuyar maƙwabta ne, ragowar tuwo na kaji, ruwan wanke shinkafa na alayyafo. Ledar fiya-wata ta yanka ta siri-siri ta tufka igiyar shanya. Buhunan shinkafa ta farke su, ta haɗa da basilla, suka zama shimfiɗar shanya kuɓewa. Tsohon zanena ya zama tsumman goge-goge, da ya gaji ya zama gammo. Har buroshin haƙoran da yara suka daina amfani da shi ta ba shi aikin wanke mataji. Wani gidan sauro da ya yayyage, wanda maigida ya ƙudundune ya jefar, da yamma ya same shi lulluɓe a kan ’yan tsaki saboda shirwa. Ranar nan ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya ce a hankali, “In abokan aikina suka shigo gidan nan, ni za a fara rubutawa.”

To, mutumin nan da ba ya barin gwangwani ya kwana, yana da abu ɗaya da ya kamata a ce ya kwana a bola tun shekara goma da suka wuce. Wata kwat ce ruwan ƙasa mai zane-zanen murabba’i, wadda ya saya a gwanjo lokacin da ya fara aiki. Gwiwar hannunta ta goge har tana ƙyalli, shafinta ya yage yana leƙowa ta ƙasa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. A kan doguwar riga yake ɗora ta. Da ita ya je ɗaurin auren ƙanwata, da ita ya je sunan ɗanta na fari, tana cikin duk wani hoton da danginmu suka ɗauka. Ƙawayena in za su kwatanta mijina ba sa cewa dogo ko gajere, sai su ce mai kwat ɗin nan. Na yi roƙo, na yi fushi, na taɓa ɓoye ta a ƙarƙashin katifa, ya binciko ta ya goge.

Ina kallon yadda almakashin Inna ke bi ta kan duk wani tsumma, sai shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma ban kore shi ba. Ranar da aka tura maigida aiki garin Malam Madori, na ciro kwat ɗin daga bayan ƙofa, na murtsuke ta, na cusa a bokitin shara, na ɗora ɓawon albasa a kai. Na san Inna ba ta barin bokitin nan ya fita ba ta duba ba. Lissafina shi ne kafin yamma ta zama abin sauke tukunya guda shida, kuma ko ya gane babu bakin da zai tuhumi surukarsa.

Yamma ta yi, ban ga kwat ba, ban ga abin sauke tukunya ba. Ni kuma ban tambayi Inna ba. Lokacin akwai zafi, bai neme ta ba. Da ruwa ya ja, kawu ya ɗaga mata sabon ɗaki, ta tattara ta koma. Buhu biyu ta zo da su, huɗu ta tafi da su.

Da sanyi ya shigo, ya buɗe bayan ƙofa bai ga kwat ba. Ban taɓa taya mutum neman abu da himma irin wannan ba. Na ɗaga katifa, na zazzage akwatuna, na hau kujera na leƙa saman sif. Da ya ce wataƙila ya manta da ita a Keke, na ce ai masu Keken nan sai a hankali. Ƙanena ya aiko masa da sabuwar rigar sanyi daga Kano, ya riƙa sa ta fuska a murtuke kamar an ɗaura masa kayan wani.

Inna tana da ’yar gona a fadama da kawu ke noma mata shinkafar rani. Lokacin da shinkafar ta fara fitar da kai, muka hau babur ni da maigida muka je gaishe ta. Tun daga bakin gari na ga abin da ban gane ba. Wasu dattawa a gindin tsamiya suka amsa sallamarmu suna dariya ƙasa-ƙasa, ɗaya ya ce, “Malam, sannu da tsayuwa.” Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta tsaya ta dube shi, ta waiga wajen fadama, ta sake dubansa, ta wuce tana girgiza kai. Kawu ya tarbe mu ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, “Mun gode ƙwarai. Rana da iska kana nan, ba ka taɓa cewa ka gaji ba.”

Maigida ya ce, “Kawu, ban gane ba.”

“Zo mu je gona ka gani.”

Duk wanda ya san noman shinkafa a yankinmu ya san jan-baki, ’yan tsuntsayen nan da ke saukowa kamar hadari su tsotse gona tun tana madara. Gonar Inna kuwa an shirya musu tarba. An ja igiyoyin leda daga kusurwa zuwa kusurwa, an rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, in an girgiza igiya ɗaya duk gonar ta ɗauki ƙara. Na gane gwangwanayen gidana a cikinsu. Akwai zaren tsohon kaset yana walƙiya a rana, da murafen tukwane bibbiyu suna karo da juna. A tsakiyar gonar, a kan kunya, wani mutum yana tsaye sanye da kwat ruwan ƙasa.

An yi masa kai da fasasshiyar ƙwarya, an cusa masa bambaro a ƙirji har ya yi ɗan tumbi. Sandan da aka gitta a kafaɗarsa ya karkace, hannu ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana nuni gaba, daidai yadda maigida ke nuna kwatar da ba a yashe ba. Ban san ko da gangan Inna ta yi ba. Na san dai ta wata uku tana leƙensa ta bayan labule.

Kawu ya ce, “Ranar da aka kafa shi, matan gidajen bakin fadama sai da suka share ƙofar gida suka kife tukwane. Sun ɗauka an turo ka ne.”

Na sa bakin mayafi a baki na cije. Maigida ya tsaya hannu a baya yana kallon kansa. Iska ta ɗaga yagaggen shafin kwat ɗin tana kaɗawa. Daga nan muka juya.

A gidan Inna ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta a bango. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin, jikin taga. Na kawo masa fura, sai ya ce, muryarsa ƙasa amma ba ƙasa sosai ba, “Ki tambayi Inna, cikin ladabi, a ina ta samu kwat ɗin can.”

Ban taɓa kai saƙon da ba na son kaiwa kamar na ranar ba. Na shiga na ce, “Inna, ya ce shinkafa ta yi kyau.”

Ta dube ni ta gefen mayafi, idonta yana ƙyalli. Ta gyara murya ta ce, “Ki ce masa a bokitin shara na same ta, ƙarƙashin ɓawon albasa. Ni ban san hannun da ya sa ta ba. Amma ranar shi yana Malam Madori, yara suna makaranta, ni kuma ba na shiga ɗakinsa. Ki ce masa kuma ba za a cire ta ba sai an yi girbi, domin tsuntsaye sun san ta.”

Na fito na tsaya a gabansa. Yana riƙe da ludayi. Na ce, “Ta ce ba ta tuna ba. Ka san tsufa.”

Ya kurɓi fura, ya ce, “Allah ya ƙara mata lafiya.”

A hanyar komawa ina bayan babur ina jiran faɗa. Muka wuce gonakin alkama da aka girbe, muka wuce masunta suna shanya taru, da robobin lemo ɗaure a jikinsa a madadin abin da ke hana shi nutsewa. Ya rage gudu ya dube su. Sai da muka hango gadar shiga gari ya ce, ba tare da ya waigo ba, “Ranar da kika hau kujera kina leƙa saman sif, har tausayinki na ji.”

Na ce, “Ai na nema da gaske.”

“Na gani.”

Daga nan bai sake tayar da zancen ba, ni kuma na ɗauka an wuce wurin. Har ma na ga ya fara wani sabon hali: in ya sha lemo ba ya jefar da robar, sai ya ɗauraye ya ajiye a buhu, duk wanda zai je ƙauye ya ba shi ya kai wa Inna. Na yaba masa, na ce ashe duba-gari ma yana tuba.

Bayan mako biyu za ni barka unguwarmu, na nemi wani mayafina ja mai ɗigon ruwan ɗorawa na rasa. Tsoho ne, na yarda, ya koɗe a wuri ɗaya, kuma ya sha ce mini in na yafa shi ana hango ni tun daga tasha. Amma ina son abina. Na juye akwati, na duba igiyar shanya. Maigida ya ajiye rediyonsa ya taso ya taya ni. Ya ɗaga katifa. Ya hau kujera ya leƙa saman sif, ya daɗe a can sama yana dubawa da kyau. Da ya sauko ya ce wataƙila na manta da shi a Keke.

Ranar Juma’a kawu ya shigo gari sayen man injin ban-ruwa, ya biyo ya gaishe mu. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya ce Inna tana gaisuwa, kuma ta ce a gode mana mu biyu.

Na ce, “Mu biyu?”

“Ai yanzu kuna tare a gonar. An kafa ki a gefensa da jan mayafin nan naki, kusa da bakin ruwa.” Ya goge baki da hannun riga. “Kuma ba don kina gabana ba, tsuntsayen sun fi tsoronki. Shi har kan kafaɗarsa suka fara sauka.”

Maigida yana zaune yana gyara eriyar rediyo, ya ce wannan bai ba shi mamaki ba. Na tashi na shiga kicin na ɗora wa kawu abinci, na zuba wa maigida nasa daban, na cika masa barkono.